Amsa ga mahaifin da ya tambaye ni kan maki da likitanci

Assalamu alaikum, Malam.

A gaban jama'a ka miƙe ka tambaye ni: tunda yaro ya ci jarrabawa da maki mai yawa, don me makarantun likitanci ke ƙara masa ganawa da wasu gwaje-gwaje kafin su ɗauke shi? Lokaci ya ƙure mana ranar, ga amsata.

Ba na raina maki. Binciken Chris McManus a Ingila ya nuna cewa sakamakon sakandare na haska yadda ɗalibi zai yi a jarrabawar likitanci, har bayan ya kammala. Wanda tushensa na kimiyya ya yi rauni zai sha wuya, kuma tun rahoton Abraham Flexner na 1910 kan makarantu 155 na Amurka da Kanada aka daina wasa da wannan.

Sai dai takarda ba ta nuna abin da mutum zai yi a bakin gado. Na taɓa tsayawa bayan wani ɗalibi da ya haddace littafi tsaf. Ya shiga wurin wata tsohuwa da numfashinta ke sama-sama, bai gaishe ta ba, bai ja labule ba, ya ɗora mata abin sauraren ƙirji. Ta ƙanƙame wuyan rigarta, ta ce lafiyarta ƙalau. Sai da wata nas ta zauna kusa da ita ta riƙe hannunta, sannan ta faɗi cewa kwana uku tana tarin jini. Abin ya daɗe yana damuna.

A 2005 Maxine Papadakis da abokan aikinta a Amurka suka bi tarihin likitocin da hukumomin lasisi suka ladabtar. An samu cewa sun ninka sauran kusan sau uku wajen samun rahoton rashin ɗa'a tun suna ɗalibai: rashin cika alkawarin aiki, da ƙin karɓar gyara.

Ganawa da mutum ɗaya ma ba ta isa ba, don mai tantancewa yana da son rai, ɗalibi kuma yana da ranar da bakinsa ke rawa. Shi ya sa Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da gajerun ganawa a jere, aka wallafa sakamakon a 2004: ɗalibi ya bi tashoshi da dama, 'yan mintoci a kowace, da sabuwar matsala da sabon mai duba shi. Dabarar ta samo asali ne daga jarrabawar aikin asibiti da Ronald Harden ya bayyana a Dundee ta ƙasar Scotland a 1975.

Idan an ɗauki ɗanka, Malam, ina roƙonka ka riƙa tambayarsa ko wani babban likita ya tsaya ya kalle shi yana duba mara lafiya daga farko har ƙarshe, da kuma abin da ya gyara masa.

Allah Ya ba shi sa'a.

Naka,
Malamin ɗaliban likitanci