Wasiƙa: Abin da ya sami fursunonin Bergen-Belsen bayan an buɗe musu ƙofa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi ƙarin bayani a kan wani ɓangare na kisan kiyashin da gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk ranar 27 ga Janairu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2005 don tunawa da abin, kafafen labarai kan kawo adadin mutum miliyan 6 da aka hallaka, su nuna hoton ƙofar sansanin Auschwitz wanda sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga a irin wannan rana a 1945, sai su tsaya nan. Mai karatu kuwa sai ya ɗauka da isowar sojoji wahala ta yanke. Waɗanda suka tsira da ransu ba haka suke ba da labarin ba. A sansanin Bergen-Belsen kaɗai, kimanin mutum 14,000 ne suka mutu bayan an 'yantar da su, a hannun mutanen da ke fafutukar ceto su dare da rana. Yadda hakan ta faru shi muke son bayyanawa, don akwai abin da ya shafi asibitocinmu da gidajenmu a ciki.

Mun san wasu masu karatu za su ce ina ruwanmu, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Takaicin nan a kan hanya yake. Sai dai mutanen da muke magana a kansu mata ne da yara da tsofaffi da aka kwaso daga Folan da Hangari da Holan da sauran ƙasashen Turai tun ba a kafa ƙasar Isra'ila ba, kuma abin da ya same su ya same su.

Bergen-Belsen yana arewacin Jamus, kusa da garin Celle. Babu ɗakin kashe mutane da iskar guba a cikinsa kamar na Auschwitz. Yunwa da cunkoso da cuta su suka yi aikin. Da sojojin Sobiyet suka matso daga gabas, sai 'yan Nazi suka shiga kwashe fursunoni zuwa cikin Jamus. Daga Auschwitz kawai an kora kusan mutum 60,000 a ƙafa cikin dusar ƙanƙara a tsakiyar Janairun 1945, wanda ya gaza a harbe shi a gefen hanya, ragowar a ɗura su a taragun jirgin ƙasa marasa rufi. Da yawansu a Belsen aka sauke su. Sansanin da yake da kimanin mutum 15,000 a ƙarshen 1944 sai ga shi da kusan 60,000 a watan Afrilu. A watan Maris kaɗai mutum kusan 18,000 suka mutu.

Kuma ba da ƙarfinsu suka iso ba. Abincin fursuna a Auschwitz, kamar yadda shaidu da takardun sansanin suka yi daidai a kai, shi ne rabin lita na wani baƙin ruwa da ake kira kofi da safe, kusan lita ɗaya ta tsararon romon ganye da saiwoyi da rana, sai burodi kimanin giram 300 da yamma. Ko an ba mutum rabonsa cif, abin bai wuce kalori 1,300 zuwa 1,700 ba, ga mai aikin ƙarfi na sa'o'i goma sha ɗaya. A Belsen ma wannan ɗin bai samu ba. Kwanakin ƙarshe babu abinci sam, ruwan famfo ya ɗauke, mutane suna sha daga tankunan siminti da suka gurɓace.

Ranar 15 ga Afrilu 1945 sojojin Birtaniya suka shiga. Sun tarar da gawa kimanin 13,000 a zube ba a binne ba, wasu a tsibe a waje, wasu a cikin ɗakunan katako tare da masu sauran numfashi. Babban likitan rundunar, Birgediya Glyn Hughes, shi ya ɗauki nauyin aikin, da ma'aikatan da ba su kai ko kusa da abin da ake buƙata ba.

Kuskuren farko tausayi ne ya jawo shi. Soja ya ga mutum ƙashi da fata yana miƙo hannu, sai ya ba shi abin da yake da shi: naman gwangwani mai maiƙo, biskit mai tauri, cakulan. Garin gyaran gira aka rasa ido. Wasu masana tarihi sun ƙiyasta cewa wannan abincin shi ya yi ajalin mutum kimanin 2,000 a kwanakin farko. Waɗanda suka rayu sukan ba da labarin 'yar'uwa ko ƙawa da ta jure shekara biyu ko uku a sansani, ta ci ta ƙoshi rana ɗaya, washegari ta cika. Sau da yawa wadda ta tsira ita ce wadda zazzaɓi ya hana ta cin komai.

Dalilin yana da fuska biyu. Ta farko hanji ne: bayan watanni na yunwa bangonsa yakan yi siriri, ruwan narkar da abinci ya ragu, don haka nama da kitse sai su wuce a matsayin zawo, zawon kuma ya ƙarasa ɗan ruwan da ya rage a jiki. Ta biyu ta fi haɗari, kuma a lokacin ba a gama fahimtarta ba. Jikin da ya daɗe da yunwa yakan koma cin kitsensa da tsokarsa, ajiyarsa ta sinadaran fosfet da fotasiyam da magniziyam ta yi ƙasa ƙwarai. Da zarar abinci mai yawa ya shiga, musamman mai sukari ko sitaci, sinadarin insulin sai ya tashi ya janye ɗan abin da ya saura na waɗannan sinadarai daga cikin jini zuwa cikin tsoka. Jini ya wayi gari babu su. Bugun zuciya ya rikice, numfashi ya yi rauni, ruwa ya taru a ƙafafu da huhu. Yawanci cikin kwana uku zuwa biyar na fara ci abin yake bayyana, daidai lokacin da masu jinya suke murna cewa mara lafiya ya fara karɓar abinci. Mai azumin yini ɗaya ma da dabino da kunu yake buɗe baki kafin ya tunkari tuwo, balle wanda ya yi wata shida.

Da likitocin suka gane, sai suka koma gwaji. An kawo wani kunu mai sukari da yawa wanda aka yi amfani da shi a yunwar Bengal ta ƙasar Indiya a 1943. Mutanen Gabashin Turai, waɗanda bakinsu ya saba da abu mai tsami da gishiri, suka kasa haɗiye shi don zaƙi, sai da aka riƙa sa masa ɗan yaji. Dakta Janet Vaughan ta zo daga Ingila da wani ruwan gina jiki da ake sa wa ta jijiya ko ta bututun hanci. Nan kuma aka ci karo da abin da babu littafin likitanci da ya tanada: da marasa lafiya suka ga allura sai ihu, suna tirjiya da ɗan ƙarfin da ya rage musu. A Auschwitz allurar guba ta fenol ake soka wa marar lafiya a zuciya, saboda haka a wurinsu mai farar riga da sirinji a hannu ba magani ya kawo ba. A ƙarshe abin da ya fi yin amfani shi ne mafi sauƙi: madarar gari marar maiƙo, a tsarma ta, a ba da kaɗan-kaɗan a kai a kai, sannan a bi da romo mai ɗanɗanon da suka sani. Wahalar ita ce wanda ba ya iya ɗaga kai sai an ba shi a baki, kuma idan aka ajiye tukunya a ƙofar ɗaki masu ƙarfi ne za su shanye. Wannan giɓin ɗaliban likitanci kusan ɗari daga asibitocin Landan suka cike a farkon Mayu, kowanne aka damƙa masa ɗaki ɗaya ko biyu masu ɗaruruwan mutane. Mace-macen da ke kai kusan 500 a rana sai suka sauko ƙasa da 100 zuwa tsakiyar watan.

Sai cutar taifus. Kada a haɗa ta da taifot ɗin da muka sani, wanda ake ɗauka ta ruwa da abinci. Taifus kwarkwata ce ke yaɗa shi: takan yi kashi a fata, mutum ya sosa, ƙwayar cutar ta shiga ta wurin susar, bayan mako ɗaya zuwa biyu zazzaɓi mai zafi da ƙuraje da gushewar hankali su biyo. A 1945 babu maganinsa, sai dai a kashe kwarkwatar. Kusa da sansanin akwai barikin sojan Jamus, aka mai da shi asibiti, aka mai da wani bargan dawaki wurin wanka. Daga 21 ga Afrilu aka fara kwaso mutane: a tuɓe tsummokaran jikinsu a ƙone, a naɗe mutum a bargo, a kai shi kan tebur, a aske duk gashin jikinsa, a wanke shi da sabulu, a bulbula masa hodar DDT mai kashe kwarkwata, sannan a kai shi gado mai tsabta. Ma'aikatan jinya Jamusawa aka sa wannan aikin. Tunda gadaje ba su isa ba, dole likita ya shiga ɗaki ya zaɓi waɗanda yake ganin za su iya rayuwa ya bar sauran sai gaba. A yi tunanin yadda wannan zai kasance ga macen da ta taɓa tsayawa a layi a Auschwitz wani likita yana nuna dama da hagu don ware waɗanda za a kashe, sannan aka tuɓe ta aka aske ta. Duk ɗakin da aka kwashe sai a cinna masa wuta. Na ƙarshe an ƙone shi ranar 21 ga Mayu.

Ba a cika faɗin cewa fursunonin da kansu sun yi babban kaso na jinyar ba. Ada Bimko, likitar haƙori daga garin Sosnowiec na Folan, wadda aka kashe iyayenta da mijinta da ɗanta mai shekara biyar ranar da suka isa Auschwitz a 1943, ita ta tara likitoci da masu jinya daga cikin waɗanda suka tsira suka kama aiki. Tana kuma cikin waɗanda suka tsaya shaida a shari'ar da aka fara a Lüneburg ranar 17 ga Satumba 1945, inda aka gurfanar da mutum 45 da ake zargi da azabtar da fursunoni, aka yanke wa 11 hukuncin kisa, har da kwamandan sansanin Belsen, Josef Kramer. Wani hafsan likita, Laftanar Kanar Mervyn Gonin, ya rubuta cewa a tsakiyar wannan hali aka turo musu kaya sai ga jan-baki mai yawa, ransu ya ɓaci don ba shi suka roƙa ba, amma daga baya ya ga matan da ko riga ba su da ita suna shafawa, ya ce babu abin da ya dawo musu da jin cewa su mutane ne kamarsa.

Warkewa kuma ba ta nufin komawa gida. Cikin Yahudawan Folan kusan miliyan 3.3, kashi 90 cikin ɗari an kashe su. Wanda ya koma yakan tarar da wasu a gidansa, ba kuma da fara'a za su tarbe shi ba. Ranar 4 ga Yuli 1946, fiye da shekara guda bayan yaƙi, aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce bisa jita-jitar ƙarya cewa sun sace yaro, abin da ya sa dubbai suka sake gudu zuwa yamma. Barikin Belsen ya zama sansanin 'yan gudun hijira har 1950. A nan aka yi ta ɗaura aure tsakanin waɗanda suka rasa kowa, aka haifi jarirai kusan 2,000.

Inda abin ya shafe mu shi ne tamowa, da kuma mutanen da ake kuɓutarwa daga hannun masu garkuwa bayan watanni a daji. Ƙa'idar ɗaya ce. A cibiyoyin kula da tamowa, yaron da ya galabaita ba a fara masa da abinci mai ƙarfi. Madarar F-75 ake ba shi, mai kalori 75 a kowace mililita 100, kimanin mililita 130 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, a raba ta duk bayan sa'a biyu ko uku har cikin dare. Sai kumburi ya fara saɓewa kuma sha'awar ci ta dawo, yawanci bayan kwana biyu zuwa bakwai, ake matsawa zuwa madarar F-100 da ta fi ta ƙarfi ko kwaɓin gyaɗar nan na leda. Ba a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a matakin farko, ba a kuma gaggawar ɗaura masa ruwa ta jijiya, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Uwa takan ga kamar rowa ake yi wa ɗanta ta ɓoye ta ba shi tuwo. Ya kamata ma'aikata su zauna su yi mata bayani tun ranar farko. Haka wanda ya dawo daga daji a rame: kafin dangi su yanka kaza su cika masa kwano, a kai shi asibiti a duba jininsa, a fara da abu mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki.

Roƙonmu, Malam Edita, shi ne idan ranar tunawar ta zagayo a fassara wa masu karatu shaidar mutum ɗaya cikakkiya. Kayan aikin suna nan. David Boder, wani malamin jami'a daga Amurka, ya naɗi muryoyin mutum kusan 130 a sansanonin Turai tun 1946, Jami'ar Yale tana da shaidu fiye da 4,000 na bidiyo, gidauniyar Shoah da ke Amurka ta tara sama da 50,000. Mai fassara ya lura cewa fursuna ba shi da agogo ko kalanda, don haka yana iya kuskuren kwanan wata ko adadin mutanen da ke taragu. Irin waɗannan ana tantance su da jerin sunayen waɗanda aka ɗora a jiragen ƙasa da takardun rajista, waɗanda ma'ajiyar Arolsen ta Jamus ke riƙe da miliyoyi daga cikinsu, kuma da yawa an sa su a intanet.

Mun gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman tarihi da ma'aikatan lafiya,
Zariya.