Wasiƙa daga Maiduguri

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Jidda, ya iyali? Na ga tsiyar da ka yi mini, wai an kai ni sashen sadarwa na rundunar Haɗin Kai ina shan sanyin esi gaban kwamfuta. Ina ma!

Aikinmu shi ne duk ayarin motocin da zai bar Maiduguri da abinci, mai, magani ko taya, ya zamana ana jin muryarsa har ya sauke. Zuwa Monguno ya haura kilomita 100, sabis ɗin waya kuwa ba abin dogaro ba ne a hanyar. Ka tuna tun 2012 'yan Boko Haram suka fara ƙona turakun sabis, a watan Mayun 2013 kuma aka katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa. Don haka motoci suna magana da junansu ta oba-oba, nesa kuma sai babbar rediyo mai gajeren zango. Ita wannan hali gare ta, zangon da ya yi maka aiki da hantsi yana iya ƙin ka bayan magariba, sai ka sauya. Lissafin sito yana bin farantin tauraron ɗan'adam, shi ma hadari ya haɗu sosai sai ya ɗauke.

Amma wallahi abin da ke hana ni barci man gas ne. Na'urorin da nake kiran tankar mai da su, janareto ke riƙe da su, janareton kuma tankar yake jira. A Janairun 2021 da aka fasa turakun wutar hanyar Damaturu, garin nan ya yi wata da watanni cikin duhu, tun lokacin kowa ya koma neman sola. Da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe farantan, kullum da safe yarana suna sama da tsumma. Injiniyoyi ke nan fa.

Sai ɗan rikicin waya. Yaro ya ɗauki hoto kusa da mota ya ɗora a Facebook don budurwa ta gani, bai san ya tallata inda muke ba. Ba na jin daɗin ƙwace masa, don ita ce hanyarsa ta jin muryar gyatumarsa, amma nakan ƙwace.

Idan ka samu mai tahowa, a haɗo ni da dabino. Ka gaida mai ɗakin da yara, ka sa mu a addu'a idan ka shiga Harami.

Naka har kullum,
Amininka