A kula da ma'aikata masu lalurar galahanga

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin shugabannin ma'aikatu kan ma'aikata masu lalurar galahanga, wato otizim, waɗanda da yawansu ke fama da matsananciyar fargaba a bakin aiki.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Sai dai a ganina hankalinmu ya tsaya ga lalurar da ido ke gani. Ma'aikacin da aka ajiye teburinsa kusa da tagar da janareto ke ruri, aka kuma kira shi taron gaggawa ba tare da sanarwa ba, yana iya daburcewa har ya kasa magana, sai a ce girman kai ne ko raini, alhali tsoro ne ya rufe shi.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A ba shi wuri mai ƙarancin hayaniya, a rubuta masa umarni dalla-dalla maimakon a jefa masa shi a tsaitsaye, a kuma sanar da shi tun da wuri idan tsarin aiki zai sauya. Idan ya bayyana lalurarsa ga shugabansa, amana ce, kada ta zama abin hira a ofis.

Ya kamata Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa ta fitar wa ma'aikatu rubutacciyar ƙa'ida kan wannan.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya