Wasiƙar Godiya ga Zauren Sauraron Koke-koken Wutar Lantarki na Abuja

Zuwa ga Shugaba da mambobin zauren sauraron koke-koke na NERC, hukumar da ke tsara harkar wutar lantarki ta ƙasa, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu sana'ar haɗa wuta da ke aiki tsakanin Kubwa, Dei-Dei, Gwagwa da Zuba muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Godiyarmu ta farko a kan tsayuwarku ce bisa magana ɗaya: sayen taransifoma da turaku da waya, har da gyaransu, nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na mai biyan kuɗin wuta ba. Tun Nuwamban 2013 da aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa, layukan Abuja suna hannun AEDC, kamfanin rarraba wuta na Abuja, amma ɗabi'ar zamanin NEPA ba ta saki jama'a ba. Taransifoma na ƙonewa sai a fito da littafi, a bi gida-gida ana karo-karo, ko a kwashi dattawa zuwa wajen ciyaman.

A nan ne ƙa'idarku ta fi amfani. Babu laifi idan Bwari ko Gwagwalada ko wata daga cikin ƙananan hukumomi shida na birnin ta tallafa wa unguwa, sai dai kuɗin na talakawa ne, dole a san inda suka shiga. Ƙa'idar NERC ta 2015 kan zuba jari a layukan wuta ta tanadi a ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin tun kafin a fara aiki, a fayyace abin da za a kashe da yadda za a maido da shi. In an gama kafawa kuma, sai NEMSA, hukumar da ke binciken ingancin aikin lantarki, ta duba ta amince kafin a saki wuta. Inda aka tsallake waɗannan matakai ne za ka ga an sayo taransifoma mai cin layin 33kV alhali na 11kV ne ya ratsa unguwar, a girke shi kan dakalin siminti, damina ta zo ta wuce yana nan ciyawa na rufe shi.

Girman taransifoma ma sai da awo. Mai 500kVA yana ɗaukar kimanin amfiya 695 a kowane layi cikin layuka ukun da ke fitowa daga gare shi (ja, rawaya da shuɗi), mai 300kVA kuwa kimanin 417, kuma mai hankali ba ya bari lodi ya wuce kashi 80 cikin 100. Awon gaskiya tsakanin magariba da bayan isha ake yin sa, lokacin da kowane gida ya kunna hita da dutsen guga. Wanda ya auna da hantsi yaudarar kansa ya yi.

Yawancin waɗanda ke ƙonewa ba tsufa ke kashe su ba. Kowa na mayar da wayarsa kan layin da ya fi haske, sai jan layi ya yi nauyi, shuɗi ya zauna kusan wayam. Fiyus ya tsinke, wani ya hau da dare ya ɗaure gurbin da kakkaurar wayar tagulla, daga nan kwayil ɗin ciki ne zai ƙone a madadin fiyus. Idan kuma ɓarayi suka yanke wayar ƙasa da ta nutural, wutar da ya kamata ta shiga gida a 240 tana iya haurawa wajen 415, firij da talabijin su tafi a dare ɗaya. Akwai kuma ɗan gilashin nan mai ƙwayoyin shan danshi da ke jikin tankin mai: muddin shuɗinsu ya koma ruwan hoda, danshi ya fara samun hanya zuwa cikin man, a canja su tun da wuri. Duk wannan duba ne na wata-wata, kuɗinsa bai kai komai ba idan aka gwada da sayen sabo.

Muna kuma yaba yadda kuka sauƙaƙa hanyar kai kuka. Mutum ya rubuta wa sashen koke-koke na kamfanin, ya sa lambar mitarsa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan kwanakin aiki 15 suka cika ba a warware ba, ya kawo gabanku, a zaunar da ɓangarorin biyu. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar kanta. Haka ma, tunda an kasa masu biyan kuɗin wuta rukuni-rukuni, na rukunin A ya san aƙalla awa 20 na wuta ce haƙƙinsa a rana, na B 16, na C 12, don haka yana da abin kafa hujja.

Roƙonmu guda ne: a fitar da waɗannan ƙa'idoji da Hausa, a kai wa masu unguwanni da sassan ayyuka na ƙananan hukumomi kafin su zauna kasafin kuɗin baɗi.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wasu masu sana'ar haɗa wuta, Abuja.