Wasiƙar Godiya ga Ofishin da Ya Ƙi Buga Mini Hatimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne don in gode wa ma'aikatan ofishin gwajin kayan lantarki na Duwala da suka yi mini aiki, musamman injiniyar da ta taso takanas ta Kano har rumbuna a nan Garwa. Ta roƙe ni kada in kama suna, ba kuwa zan kama ba.

Ni ɗan kasuwa ne, fitilun sola da caja da ƙananan rediyo nake sarowa daga Sin. Bara wata ƙungiyar agaji da ke samun kuɗinta daga Turai ta ba ni kwangilar kai fitilu makarantu da ƙananan asibitocin ƙauyukan bakin Binuwai. A cikin sharuɗɗan akwai layi ɗaya da ban ɗauka da muhimmanci ba: wai kayan su cika ƙa'idar RoHS, wato dokar da ke taƙaita abubuwa masu guba a cikin kayan lantarki, a kuma kawo shaidar gwaji. Na ce wannan ai tuwona maina, tunda kowane kwali ga CE, tambarin cika ƙa'idar Turai, ga RoHS an buga masa, har da ɗan zanen ganye kore. Jami'in ƙungiyar ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, rubutun jikin kwali ko ni zan iya bugawa. Takardar gwaji muke so."

Da na kira ofishinku, gaskiya hatimi nake nema, in biya a buga in wuce. Aka ce sai an ga kaya.

Kafin injiniyar ta taɓa ko da sukuru ɗaya, sai da ta zaunar da ni a kan buhu ta yi mini karatu. Dokar ta Tarayyar Turai ce, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2006 da abubuwa shida: dalma, zaiba, kadmiyom, wani nau'in kuromiyom mai guba, da sinadarai biyu da ake zuba wa roba don kada ta kama da wuta. A 2015 aka ƙara huɗu, waɗanda ke sa roba laushi, suka fara aiki a Yulin 2019, suka zama goma. Iyakar kowanne kashi 0.1 ne cikin ɗari, ban da kadmiyom da aka tsaya a 0.01. Inda abin ya kama ni shi ne ba nauyin fitila gaba ɗaya ake dubawa ba. Robar waya daban, jan ƙarfen cikinta daban, ɗigon liƙin da bai kai ƙwayar gero ba shi ma lissafinsa daban. Ni da nake ganin ɗan ɗigo zai ɓace a cikin fitila guda, ashe babu wurin ɓuya.

Na riga na ware mata fitilu masu kyau a kan tebur. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sa yarana suka sauke kwalaye, ta zaro nata daga can ƙasa, iri uku. Ta warware su ta jera kayan cikinsu a kan farar takarda, sannan ta fito da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, XRF suke ce mata, mai auna sinadaran da ke cikin abu. Ta ce kowa ya ja baya, kada wanda ya sa hannu a gabanta. Sai ta ɗora bakinta a kan abu, ta danna, ba a cika minti ɗaya ba lambobi su fito. Iri biyu suka haye. Na uku, ƙananan nan masu arha da na fi yawan oda, da ta ɗora a kan liƙin allon caji sai ta juyo mini da fuskar na'urar: dalma ta haura kashi talatin cikin ɗari. Ta ce tsohon liƙi ne, kuza 63 dalma 37, wanda ke narkewa a zafin digiri 183, alhali marar dalma sai ya kai wajen 217. Ya fi arha, ya fi sauƙin aiki, shi ya sa wasu ƙananan masana'antu ba su rabu da shi ba.

Gumi ya karyo mini. Na jawo ta gefe na ce, "Madam, a rufa mini asiri, ga na goro." Ta ce, "Alhaji, asirin naka nake rufawa. In suka sake gwadawa suka gano, wa zai ƙara ba ka kwangila?" Ranar na ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya ƙara mata ƙima a idona shi ne ba ta cika baki a kan na'urarta ba. Ta ce tana ganin kuromiyom da buromin, wanda ke cikin sinadaran nan na hana roba kama wuta, amma ba ta rarrabe mai guba da marar guba, sinadaran laushin roba kuwa sam ba ta ganinsu. Don haka ta yanki wayoyi ta ƙulle a leda ta tafi da su ɗakin gwaji. Ko iri biyun da suka haye ba ta sa musu hannu ba sai da sakamakon ya dawo bayan mako uku.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kuɗin da na biya. Ɗan ƙanwata yana gyaran waya a bakin shagona, kuma ya saba riƙe wayar liƙi da haƙora idan hannuwansa biyu suna aiki. Ta gan shi, ta tsaya ta ce, "Ƙanena, cire wannan daga bakinka." Ta tuna mana Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, ta ce dalma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa, ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki jaririyarsa. Yanzu ga buta ga sabulu a ƙarƙashin teburinsa.

Na tura wa mai masana'antar rahoton da hotuna ta manhajar WeChat. Ya ɗan yi gardama, da ya ga lambobi sai ya yarda ya canza allunan. Na yi asarar wata guda da kuɗin dako, amma an karɓi kayan, an biya ni. Wani maƙwabcina ya ce in zuba tsofaffin allunan a hannun masu gyara, wa zai sani. Suna nan a kwali, na kasa.

Roƙona biyu ne. Kuɗin aikinku da nauyi ga ƙaramin ɗan kasuwa, a duba. Sannan ku buɗe reshe a arewa, ko a Garwa ko a Ngaundare, don mu da 'yan'uwanmu na Marwa da Kuseri mu huta da jiran mutum ya kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde, ya sake shiga mota, kafin a duba mana ɗigon liƙi.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. A gaida Madam da iyali.

Naku,
Wani mai sayar da fitilun sola, babbar kasuwar Garwa