Takardar Koke Kan Rijiyoyi da Magudanan Ruwa Kafin Damina Ta Kankama

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan lafiya, masu unguwanni da iyayen yara na unguwannin bakin Kogin Kaduna, mun kawo kukanmu tun kafin ruwan Agusta da Satumba, lokacin da kogi kan tumbatsa ya shigo gidaje.

Babbar damuwarmu rijiya ce. Ƙa'idar lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma a gidajen haya da yawa katanga ɗaya ce ta raba shaddar maƙwabci da rijiyar da ake sha. Da rani abin yakan lafa. In ƙasa ta ƙoshi da ruwa kuwa, ƙazantar masai sai ta tsatsafo ta ƙarƙashi, ambaliya ta kwararo ta bakin da ba murfi. Ruwan ya fito garau a guga, alhali da ƙwayar kwalara a ciki. Mai amai da gudawa irin wannan, ko babba ne, yana iya rasuwa cikin 'yan sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki.

Muna roƙon ka isar wa ƙaramar hukuma a turo duba-gari gida-gida. Duk rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa a ɗaga shi ya kai ƙugu, a daɓe kewayensa da siminti, a sa murfi, a rataye guga a daina yasar da shi a ƙasa. Wadda ambaliya ta shiga a kwashe ta, a zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kafin a koma sha. A raba kulorin na ruwan randa, a kuma gaya wa mata sai an jira minti 30 bayan an zuba, domin nan ne aka fi yin kuskure.

Limamai su sanar da haɗin ruwan gishiri da sukari na mai amai da gudawa: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin in ya yi yawa illa ne ga yaro. A fara ba shi tun a gida, ana kan hanyar asibiti.

Sai sauro. Mai kawo maleriya ya fi son ƙananan tafkuna masu shan rana: ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun taya, kwatamin masu buga bulo. Mako ɗaya zuwa biyu ya ishi ƙwai ya zama sauro, don haka cike ramuka sau ɗaya a shekara ba ya wadatarwa. A sa ranar gayya duk mako. Mu za mu fito da shebur da baro mu yashe lambatu, hukuma ta kawo tifa a ranar, don sharar da aka tara a bakin kwata ruwan dare ɗaya ke mayar da ita ciki.

Allah ya ja zamaninka.

Sa hannun masu koke yana haɗe da wannan takarda.