Kafin a kai wa ingarma goɗiya, a duba ƙafarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da ƴan uwanmu masu dawakin sukuwa a nan Tawa. Da zarar doki ya ci tsere sau ɗaya, ko aka ga kili ne, wato farin doki, mai ɗaukar ido, sai kowa ya jawo goɗiyarsa zuwa turkensa. Goɗiya kuwa wata 11 take ɗauke da ciki, kusan kwana 340, dukushin kuma ba a sanin gudunsa sai ya kai shekara 3. Garajen yini ɗaya ya cinye gero da harawar shekara 4 ke nan.

A fara da ƙafa. A tsayar da ingarman a ƙasa mai tauri, don rairayi na ɓoye ɗingishi. A tsuguna ta gabansa a ga ko gwiwa da ƙwauri da kofato sun sauko a miƙe. A sa yaro ya ja shi da sassarfa, ya je ya dawo. In kofato na bugun ɗaya ƙafar, halittarsa ce ta karkace. In yana ɗaga kai duk sa'ad da wata ƙafar gaba ta taka ƙasa, ciwo na nan. Bayan sukuwa a shafa jijiyar bayan ƙwauri, a ji ko da zafi ko kumburi. Tabon faɗuwa ba a gadonsa, karkatacciyar ƙafa kuwa ana gado.

A buɗe bakinsa. Haƙoran girma kan cika a shekara 5, kuma na sama su haɗu da na ƙasa daidai. Ƴaƴan maraina su kasance biyu a waje. Mai ɗaya yakan bar wa ƴaƴansa wannan aibi.

Abin da ya fi damunmu shi ne cutar barbara, wadda likitocin dabbobi ke kira durin. Ingarma guda na iya shafa wa goɗiyoyin gari duka. Wanda aka ga gabansa ya kumbura, ko yana ramewa alhali yana ci, kada ya hau sai likita ya gwada jininsa.

A nemi ganin ƴaƴansa daga uwaye dabam-dabam, a kuma tambayi asalinsa, kada a haɗa shi da ƴarsa ko ƴar uwarsa. Goɗiya takan nemi namiji kowane kwana 21, na tsawon kwana 5 zuwa 7, sai a riƙa kai ta ana tsallake kwana ɗaya har ta ƙi shi.

Wassalam,
Wasu masu kiwon dawaki, Tawa